Me Ya Sa Garmani Ya Kori Gamba Daga Filayen Kiwonmu?



Duk wanda ya bi hanyar kwalta a watan Agusta, ya tashi daga Gidan Rumji ya ratsa Tibiri da Cadawa da Agye har Gazawa, zai ga ƙasa ta yi kore shar. Baƙo zai ce dabbobin wannan ƙasa sun ji daɗi. Amma in ya sauka ya shiga burtali, zai ga abin mamaki. Ga saniya tsaye a tsakiyar ɗanyen ganye, amma ana iya ƙirga haƙarƙarinta. Ganyen da ya kewaye ta garmani ne, kuma ba ta cin sa.

Wasu suna cewa laifin dabbobi ne, sun yi yawa. Wasu suna cewa laifin manoma ne, sun nome daji. Wasu kuma suna cewa ruwan sama ne ya ragu. Kowa yana da tasa gaskiya. Amma akwai magana guda da muke so mu riƙe tun daga farko: ciyawar da ba ta zubar da iri ba, ba ta dawowa. Abin da ke kashe filin kiwo shi ne a tsare dabbobi wuri guda, su yi ta ci tun daga ruwan farko har kaka, bana da baɗi, ba hutu.

Yadda daji yake a da

Dattawanmu suna ba da labarin lokacin da gamba take shanye tsawon mutum. A wancan zamani tsakanin gari da gari akwai daji. Manomi yakan noma gona shekaru kaɗan, sa'an nan ya bar ta ta zama saura, ta huta. Dabbobi suna kiwo a cikin saura da daji, yau nan gobe can. Kafin su komo inda suka fara, ciyawa ta sake tohowa.

Yau abin ya canza. Ƙidayar 2012 ta nuna jihar Maraɗi tana da mutane fiye da miliyan 3 da dubu 400, kuma kudancin jihar ya fi cika. Gona ta haɗe da gona, saura ta yi wuya. Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa da ciyayi masu yawa. Dabbobi kuwa ba su ragu a garuruwa ba. Kusan kowane gida akwai awaki da tumaki, ga shanun huɗa da na amalanke, ga kuma garken makiyaya masu wucewa.

To, da damina, in an yi shuka, ina waɗannan dabbobi za su sa baki? Abin da ya rage musu kaɗan ne: burtali, da ƴan filayen kiwo na bayan gari, da gandun dajin Ɗan Kada Dodo da na Ɗan Gado a ƙasar Agye, da wasu wurare a kwarin Gulbin Kaba. Nan ne duka suke taruwa har wata huɗu ko biyar.

Ciyawa iri biyu ce

Domin mu gane abin da ke faruwa, sai mu san ciyawa iri biyu ce.

Iri na farko ita ce mai shekara guda, kamar komayya da kyasuwa da ƙarangiya da harƙiya da guɗe-guɗe da gadagi. Tana tsirowa da ruwan farko, ta girma, ta fid da kai, ta zubar da iri, sa'an nan ta mutu. Ba ta barin komai sai irin da ya faɗi cikin ƙasa. Wannan iri shi ne rumbunta. Yawancin ciyawar ƙasarmu irin wannan ce, domin ruwan da muke samu a shekara bai cika wuce milimita 400 zuwa 600 ba.

Iri na biyu ita ce mai daɗewa, kamar gamba. Da rani samanta yana bushewa, amma saiwarta tana da rai. A cikin saiwa da gindi take ajiye abincinta. Da ta ji sanyin ruwa sai ta toho da wannan ajiya, tun kafin sauran ciyayi su fito. Shi ya sa makiyayi yake ƙaunarta. Kuma shi ya sa take fara shan wahala, domin ita ce ɗanyen ganye na farko da dabba mai yunwa take gani.

Lokacin da bakin dabba ke ɓarna

Lokaci mafi haɗari shi ne farkon damina, wato watan Yuni da na Yuli. Dabbobi sun fito daga yunwar bazara. Ciyawa kuwa jaririya ce, saiwarta ba ta kama ƙasa ba. A jigawa, in tunkiya ta kama ta, sai ta tumɓuke ta da saiwa. Wadda ta tsira daga baki, kofato ya take ta.

Haɗari na biyu yana zuwa a watan Agusta da Satumba, lokacin da ciyawa take fid da kai. In an cinye kan kafin ya nuna, to, an cinye irin baɗi. Kowane manomi ya san abin da ke samun gidan da ya daka irin shukarsa ya yi tuwo da shi. Shekara guda ba ta ƙarar da irin da ke cikin ƙasa ba. Amma in aka jera shekara biyar ko goma ana haka, rumbun ciyawa zai zama wayam.

Ita kuwa gamba, in ta toho aka cinye, sai ta sake tohowa da abincin da ta ajiye. In aka sake cinyewa, ta sake. Kowane toho yana rage ajiyarta, alhali ba a bar mata ganyen da za ta mayar da abin da ta kashe ba. Wata rana sai gindin ya bushe. Shi ya sa yau ba mu cika ganin gamba ba sai a kan iyakar gonaki, inda mai gona yake tsaronta don zana da jinka.

Lokacin da bakin dabba ba ya ɓarna

Bayan kaka, in ciyawa ta bushe ta zubar da iri, dabba tana iya cin ta ba tare da wata cuta mai yawa ba. Iri yana ƙasa. Kofato ma yana taimako, domin yana binne irin, yana farfasa busasshen kara, ga kashi da fitsari suna zama taki.

Sai dai nan ma akwai iyaka. Ƙasa tana bukatar ɗan abin rufa. In an cinye komai, ko an bi da manjagara an kwashe ciyawa ƙaf aka kai kasuwa, ƙasa za ta zauna tsirara. Iskar hunturu da guguwar bazara su kwashe ƙasar sama tare da irin da ke cikinta. Sau da yawa manjagara ta fi bakin saniya ɓarna, domin saniya tana barin taki, manjagara kuwa ba ta barin komai.

Yadda garmani ya sami wuri

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Garmani ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Da can yana nan jefi-jefi, ciyayi masu kyau sun danne shi. Ganyensa yana da gashi-gashi, furensa rawaya ne, saiwarsa tana nitsewa ƙasa sosai. Dabbobi ba su son sa yana ɗanye.

Dabba tana zaɓen abinci kamar mutum. Tana fara cin gadagi da harƙiya da kyasuwa, ta tsallake garmani. Ke nan kowace shekara ciyawa mai daɗi ba ta samun zubar da iri, shi kuwa garmani yana zubar da nasa cikin kwanciyar hankali, kuma ƴaƴansa suna da yawa ƙwarai. Suna bin kofato da kashin dabbobi da ruwa mai gudu, su isa wani wuri. In ya yi kauri sai ya yi inuwa, ya hana ƙananan ciyayi fitowa. A haka ya mamaye burtali da filayen kiwo masu yawa a Agye da Gazawa da Gidan Rumji.

Ba shi kaɗai ba ne. Inda muka ga fataka da tumfafiya da rai-ɗore sun yi yawa, alama ce wurin ya gaji. Waɗannan tsirrai kamar zazzaɓi suke a jikin mutum: suna nuna akwai ciwo, amma ba su ne tushen ciwon ba. Wanda ya tumɓuke garmani bai canza yadda ake kiwo ba, garmani zai komo masa.

Kofato da ƙasa

Mu duba bakin rijiya ko mashaya. Kusa da ita ba ciyawa ko ɗaya. In mun yi ɗan nisa sai mu fara ganin garmani. Sai mun yi nisa sosai muke tarar da ciyawar kirki. Wannan yana nuna mana cewa ɓarna tana bin yawan taku.

A ƙasa mai tauri, taku da ɗigon ruwan sama suna liƙe fuskar ƙasa, ta zama faƙo. Ruwa ba ya shiga, sai ya gudu, ya tafi da taki, ya haƙa kwazazzabo. A jigawa kuwa, taku yana kwance yashi, iska ta ɗauke shi ta zuba a gonakin maƙwabta. Ashe ciwon filin kiwo yana shafar manomi ma.

Itatuwa da awaki

Da bazara, in ciyawa ta ƙare, itatuwa ne ke riƙe da dabbobi. Gawo yana da ganye da rani, ga ƴaƴansa masu ƙara ƙiba da nono. Akwai kalgo da aduwa da magarya da jiga da dirga da ƙirya. Ganyen icce yana ɗauke da abin gina jiki wanda busasshiyar ciyawa ta rasa.

Babban icce ba ya mutuwa don akuya ta ci ganyensa na ƙasa. Matsala tana ga ƙanana. In duk tsiron da ya fito an cinye kansa, manya za su tsufa su faɗi, ba magaji. Sai a wayi gari daji ya koma sabara da geza kawai, domin su ne masu jure sara da ci. Haka kuma mai datse rassan icce gaba ɗaya don ya ciyar da garke yau, ya hana kansa na baɗi.

Amma dabba tana shuka icce ma. Ƙwayar gawo tana da ɓawo mai tauri. In ta bi ta cikin dabba ta fito tare da kashi, ta fi saurin tsirowa, ga takinta a kusa. Gawo da yawa da muke gani a gonaki, dabbobi ne suka shuka su.

Hana kiwo gaba ɗaya ba magani ba ne

Wani zai ce, to, a kewaye daji da waya, a hana dabba yawo. An gwada irin wannan a wata ƙasa mai yanayi kamar namu. A arewacin Senegal, a wani wuri mai suna Widu Cengoli, tun daga 1981 aka kewaye filaye da waya, aka sa wa kowane fili adadin dabbobi da ba ya canzawa, aka yi shekaru ana dubawa. A shekarar fari ciyawar cikin waya ba ta isar dabbobin. A shekarar ruwa kuwa ciyawa tana yin saura, busasshiyar ta kwanta ta danne sabuwa. Masu binciken sun ga cewa wannan tsari bai fi kiwon makiyaya masu yawo ba.

Darasin a fili yake. A ƙasar da ruwan bana ba ya kama da na bara, dabba tana bukatar tafiya. Makiyayin da ya kora garkensa arewa da damina, wajen Dakoro da gaba, ya ba ciyawar kudu hutu. In ya komo bayan girbi, ya kawo wa gona taki. Fili yana son a ci shi, sa'an nan a ba shi hutu.

Ɗan lissafi

Saniya mai nauyin kilo 250 tana cin busasshiyar ciyawa kamar kilo 6 a rana. A wata guda kilo 180 ke nan. A wata 8 na rani kuwa, kilo 1,440. Awaki ko tumaki 7 zuwa 10 suna cin abin da saniya guda take ci.

Kuma ba duk ciyawar da ke fili ce take shiga cikin dabba ba. Masana sukan lissafa kashi ɗaya cikin uku kawai. Sauran gara ta ci, iska ta kwashe, kofato ya take. Saboda haka kowane mai dabba ya zauna da kaka ya ƙirga dabbobinsa, ya ƙirga daman harawa da karan da ya tara. In abinci ba zai kai ba, gara a sayar da biyu suna da ƙiba a watan Nuwamba, da a sayar da biyar sun rame a watan Mayu. Waɗanda suka ga asarar dabbobi ta 2010 ba su manta ba.

Burtali hanyar zaman lafiya ce

In aka nome burtali, garke ba shi da hanyar wucewa. Ko dai ya maƙale a ɗan fili ya cinye shi har ƙasa, ko ya faɗa gona. Daga nan sai rikici. Ƙasarmu ta ga mafi muninsa. A ƙarshen watan Oktoba 1991, a Toda cikin ƙasar Gidan Rumji, faɗan manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, mafi yawansu mata da yara. Allah ya jiƙan su, ya kiyaye mu da sake ganin irin wannan rana.

Ran 2 ga Maris 1993 gwamnati ta kafa dokar filayen karkara, wadda ake kira Kod Rural. Ita ce ta haifar da hukumomin kula da filaye da muke kira Kofo, tun daga gunduma har ƙauye. Daga 1998, shirin PASEL, da taimakon ƙasar Suwis, ya tara manoma da makiyaya da sarakuna, aka shata burtali masu yawa a jihar Maraɗi, aka kafa musu turakun siminti. Ran 20 ga Mayu 2010 kuma aka fitar da dokar kiwo, wadda ta tabbatar da cewa tafiya da dabbobi haƙƙin makiyayi ne. Burtali da filin kiwo dukiyar jama'a ce, ba mai ikon nome su ko sayar da su. Shi ma makiyayi wajibi ne ya jira ranar da hukuma ta sa ta sakin gonaki.

Abin da Ɗan Saga ta koya mana

Gyara yana yiwuwa, kuma mun gani da idonmu. Tun wajen 1983 aka fara yaɗa sassaben zamani a jihar Maraɗi. Maimakon manomi ya sare duk tohon da ya fito daga kututture, sai ya zaɓi masu ƙarfi biyu ko uku ya gyara su, su tashi sama su fi ƙarfin bakin akuya. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa sun dawo a kan hekta miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram.

Garin Ɗan Saga, a arewacin Agye, ya yi suna a wannan aiki. Mutanen garin sun kafa kwamitin tsaro, maza da mata, manoma da makiyaya. Sun sa ƙa'idar sara, sun sa tara ga wanda ya karya ta. Itatuwa suka dawo, alhali dabbobi ba su daina shiga gonaki da rani ba. Abin da ya gyara gona zai iya gyara filin kiwo: ƙa'idar da kowa ya yarda da ita, da masu tsaronta.

Abin da ya kamata mu yi

1. Mu raba filin kiwon gari kashi biyu ko uku. Kowace damina a hutar da kashi guda har ciyawa ta zubar da iri. Baɗi a hutar da wani. A yanke wannan shawara gaban mai gari da ardo da Kofo, don kada wani ya ce ba a gaya masa ba.

2. Mu tumɓuke garmani da gayya kafin ya yi fure, kuma mu cire shi da saiwa. Wanda ya sare shi bayan ya yi ƴaƴa, shuka shi ya yi. A maimaita shekara biyu ko uku a jere, domin akwai sauran iri a ƙasa.

3. Kada mu bar wurin da muka gyara tsirara. Da kaka a tara irin komayya da kyasuwa da gadagi da gamba, a watsa da ruwan farko. A faƙo a haƙa rabin wata don ya tare ruwa.

4. A makonnin farko na damina, mu riƙe dabbobin gida a turke. Mu tanadi harawa da dusa da ƴaƴan gawo domin wannan lokaci.

5. In za mu yanki ciyawar ajiya, mu yanka tana ɗanya, mu shanya a inuwa, mu ɗora a rumfa. Amma mu bar wani sashe ya yi iri.

6. Mu dasa gamba a kan iyakar gonaki. Tana tare iska, tana ba da zana, tana ciyar da dabba.

7. In za mu sassabo ganye, mu ɗauki rassa kaɗan, mu bar kan icce. Mu kiyaye wutar daji.

8. Kada mu matsa turakun burtali ko da taku guda.

Maganar ciyawa maganar lafiyar iyali ce. Jar akuyar Maraɗi ta yi suna wajen haihuwa da nono, amma ba ta ba da nono da garmani. In akuya ta ƙoshi, yaro ya sha nono, tamowa ta yi nisa da gida. In saniya ta ƙoshi, gona ta sami taki, rumbu ya cika.

Muna roƙon kowane ɗalibin yaƙi da jahilci ya karanta wa maƙwabtansa wannan shafi. Ku zauna da dattawa ku lissafa ciyayin da suka sani a filin garinku, ku ga nawa suka rage, sa'an nan ku sa ranar gayya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ƙara mana zaman lafiya tsakanin mai garma da mai sanda. Amin.